Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Abin Da Kafanchan Ta Koya Game Da Tsofaffin Kwamfutoci

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Fatakwal ko Inugu ya nufo gida Arewa, a zamanin da Reluwe take Reluwe, ba sai an kwatanta masa Kafanchan ba. Nan ce mahaɗa tun 1927, inda hanya take rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya kuma ta haura Jos. A bayan rumfar da ake gyaran kawunan jirage akwai wata unguwa wadda ta samo sunanta daga wurin, watau Bayan Loko. Harkar jirgi dai ta ja da baya, amma unguwar ba ta rabu da sana'ar gyara ba. A cikinta ne aka yi wani gwaji wanda ya shafi duk mai tsohon inji a hannunsa, ko tela ne a Sabo ta Badun, ko mai kaɗa fiyano a wata majami'a ta Agege, ko kuwa ɗan gwangwan a kasuwar Alaba.

Maganar a taƙaice ita ce, idan kwamfuta ko wani inji mai kwamfuta a ciki ya tsufa, abin da yakan fara gajiya shi ne ɓangaren da yake juyi, watau faifan da ake ajiye bayanai a kansa. Sau da yawa ƙwaƙwalwar injin tana nan lafiya lau, amma saboda faifai ya ƙi karantuwa sai mai abu ya yanke ƙauna ya sayar da shi a kilo. To, yanzu an sami magani. Akwai wata 'yar na'ura wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ana sa ta a gurbin faifan, har ma ana iya sarrafa ta daga wayar hannu ba tare da an taɓa injin ba.

MAGABTA UKU

A 1996 ne waɗansu 'yan Nijeriya, cikinsu har da Dokta John Dada, suka kafa wata ƙungiya mai suna Fantsuam Foundation. Aikinta na fari shi ne ba matan karkara ƙaramin rance domin su ja jari. Da tafiya ta yi tafiya sai ta buɗe wurin koyar da aikin kwamfuta a Bayan Loko. A 2001 wannan makaranta ta ci kyautar Hafkin, wadda ƙungiyar APC ta ƙasa da ƙasa ta tanada domin masu aikin sadarwa a Afirka, kuma ita ce ta fara cin ta.

Kuɗin sayen sababbin kwamfutoci babu, saboda haka tsofaffi aka riƙa samowa, waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su aka gyaggyara, irin waɗanda ƙungiyar Computer Aid ta Ingila take aikowa ƙasashen Afirka. Ba a daɗe ba masu gyara na Bayan Loko suka gane cewa waɗannan injuna suna da magabta uku a ƙasar nan: zafi, da ƙura, da wutar lantarki marar tabbas.

Dalili kuwa a fili yake. An ƙera su ne domin ofis mai sanyi. A cikin kowace akwai fanka wadda take zuƙo iska, idan hunturu ya kama sai ta zuƙo har da ƙura ta toshe ko'ina, zafi ya taru a ciki. Babban faifan da yake ciki yana juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar da take karanta shi kuma tana shawagi a kansa, tazarar da take tsakaninsu ba ta kai ko kusa da kaurin gashin kai ba. Wuta ta ɗauke ba sallama, ta dawo da ƙarfi, janareta ya yi tari, duk a kan wannan faifai da kayan wutar injin abin yake ƙarewa. Ranar da ya tsaya kuwa, ya tafi da duk abin da aka rubuta a kansa.

KWAMFUTAR DA BA ABIN DA YAKE JUYI A CIKINTA

Ganin haka ne ƙungiyar ta haɗa kai da wani ƙaramin kamfani na Ingila mai suna ExpLAN, a shekarun farko na 2000, domin fito da wata kwamfuta da aka sa wa suna Solo. Dabarar ita ce a raba ta da duk abin da yake motsi. Ba fanka, ba faifai mai juyi. A maimakonsa aka sa irin ma'ajiyar da take cikin katin memori na wayar hannu. Wutar da take ci ba ta wuce wat 8 da rabi ba, alhali kuwa kwamfutar tebur ta lokacin tana iya neman wat 300, don haka farantin hasken rana da batir sun ishe ta.

Solo ba ta bazu a kasuwa kamar yadda aka yi fata ba. Amma tunanin da aka gina ta a kai ya tabbata, domin a yau wayar da take aljihun mai karatu haka take, ba abin da yake juyi a cikinta, kuma ƙwaƙwalwarta 'yar gidan ARM ce, gidan da ƙwaƙwalwar Solo ta fito.

Rabi na biyu na gwajin Kafanchan shi ne abin da dattawa suke kira wayar iska. Ƙungiyar ta fara samun intanet ta tauraron ɗan Adam, mai ɗan karen tsada. Domin a raba nauyin kuɗin, sai aka kafa ZittNet da taimakon hukumar IDRC ta Kanada da wani kamfanin ƙwararru na Suwidin mai suna IT+46. Aka gina ɗakin injuna da tubalin jar ƙasa, aka jera batura da farantan hasken rana, aka kafa hasumiya mai tsawon mita 45. Daga 2007 saƙo ya riƙa tashi daga Bayan Loko ta iska yana sauka a waɗansu wurare na gari da kewaye, ba tare da an ja waya ko ta taku ɗaya ba. A 2008 wata guguwa ta kayar da hasumiyar, abin da ya nuna cewa ita ma iskar tana da nata haraji.

Abubuwa biyu ke nan Kafanchan ta gwada: raba kwamfuta da faifai mai juyi, da kuma isar da saƙo ba waya. A wancan lokaci kowanne sai da ya ci ɗaki guda da kuɗi masu kauri. Yau duka biyun sun haɗu a kan allo ɗaya wanda zai shiga aljihun riga.

YADDA NA'URAR KWAIKWAYO TAKE AIKI

Manya daga cikin masu karatu za su tuna ɗan faifan nan mai murabba'i na inci 3 da rabi da ake kira filofi. Abin da yake ɗauka bai wuce megabait 1.44 ba, ko hoto ɗaya na wayar zamani ba zai shiga ba. Kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro shi, ya daina yin sa a 2011. Waɗanda suka rage a hannun mutane kullum lalacewa suke yi. A Arewa ƙura take karce su, a Ikko da Fatakwal danshi yake sa su fumfuna, idan kuma aka ajiye su kusa da lasifika maganaɗisun da yake ciki yana iya ɓata rubutun. Ita ma na'urar da take karanta su, a waɗansu injuna, tana da ɗan bel na roba wanda yakan narke ko ya tsinke idan ya shekara da yawa.

Kada a ɗauka talaka ne kawai wannan matsala ta dama. Sai a 2019 sojojin Amurka suka daina amfani da manyan filofi na inci 8 a tsarin aika umarni ga makamansu na nukiliya. A 2024 hukumar sufuri ta birnin San Faransisko ta amince da kwangilar dala miliyan 212 domin sauya tsarin da yake sarrafa jiragen ƙasa na cikin gari, wanda ake ɗora masa aiki da filofi kowace safiya. A shekarar ce kuma ministan Japan Taro Kono ya ba da sanarwar cewa gwamnatinsu ta soke ƙa'idoji fiye da 1,000 waɗanda suke tilasta amfani da filofi.

Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a Turai da Amurka da Japan ne suka fi matsa ƙaimi wajen neman mafita. Abin da suka lura da shi shi ne, inji bai san faifai ba, saƙon lantarki kawai ya sani. Yana aika tambaya ta igiya mai haƙora 34, yana jiran amsa. Duk abin da ya amsa masa da harshen da ya saba ji, kuma a kan lokaci, to a wurinsa faifai ne. Saboda haka sai aka kwafe faifai ɗungurungum, tun daga layin farko har na ƙarshe, aka mai da shi fayil ɗaya wanda ake kira hoton faifai. Ana zuba waɗannan hotuna a cikin filashi ko katin memori, wata 'yar ƙwaƙwalwa kuma ta riƙa amsa wa injin kamar dai faifai ne yake juyi.

Wani Bafaranshe mai suna Jean-François Del Nero ya fito da irin wannan na'ura, HxC, tun 2006. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin suka cika kasuwa da wata mai araha da ake kira Gotek, wadda girmanta daidai yake da gurbin tsohuwar na'urar filofi. A 2017 wani Baturen Birtaniya, Keir Fraser, ya rubuta mata sabon tsarin aiki mai suna FlashFloppy, ya sake shi kyauta, wanda ya sa ta iya harsunan injuna iri-iri. Filashi mai gigabait 8 yana da wurin da zai ɗauki filofi fiye da 5,000. Haka nan an yi wa manyan faifai na ciki: akwai BlueSCSI da ZuluSCSI da PiSCSI domin tsofaffin kwamfutocin Macintosh da na'urorin kiɗa, akwai kuma ZuluIDE wadda take kwaikwayon na'urar faifan CD.

SAUYA FAIFAI DA WAYAR HANNU

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Gotek ta asali maɓalli biyu gare ta da ɗan allo mai nuna lamba uku, daga 000 zuwa 999. A ce tela yana da zanen surfani ɗari huɗu a ciki, mai riga ya zo yana son irin wanda aka yi masa bara. Sai telan ya buɗe littafi ya nemo lamba, sa'an nan ya duƙa yana danna maɓalli. In littafin ya ɓata, an shiga uku. Wasu na'urorin ma a can cikin cikin inji ake ɗaure su, duk lokacin da za a ƙara sabon aiki sai an kashe wuta, an kwance murfi, an zaro katin.

A nan ne wayar iska ta shigo. A 2014 kamfanin Espressif na Shanghai ya fito da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai rediyon Wi-Fi a jikinta, ESP8266, a 2016 kuma ƙanwarta ESP32 ta biyo baya. A 2022 kamfanin Raspberry Pi na Ingila ya fito da allon Pico W a kan dala 6. Da waɗannan aka sami hanyar yi wa na'urar kwaikwayo baki da kunne.

Ga yadda abin yake. Ana haɗa ɗan allon rediyon da na'urar kwaikwayo ta 'yan siraran wayoyi. Idan an kunna, allon yakan shiga Wi-Fi na shago, ko kuma ya buɗe nasa na kansa. A cikinsa akwai ɗan shafi irin na intanet. Mai shago ya ɗauko wayarsa, ya buɗe manhajar da yake duba shafuka da ita, ya rubuta lambar adireshin na'urar. Nan take sunayen faifai za su jeru a gabansa, da sunan da shi ya raɗa musu. Ya taɓa wanda yake so, allon rediyo ya isar da umarni, na'urar kwaikwayo ta sanar da inji cewa an fitar da faifai an sa wani. Inji kuwa ya ci gaba da aikinsa, bai san an yi ba.

Abin lura a nan, wannan aiki ba ya cin data, domin maganar tsakanin waya da inji ce kawai a cikin ɗaki ɗaya. Kowace waya mai Wi-Fi da take buɗe shafi za ta yi. PiSCSI, wadda ta samo asali daga aikin wani masani na Japan, shafinta yana ba da damar ɗora sabon hoton faifai, da sauko da kwafinsa, da ƙirƙirar sabo fil. ZuluIDE ana ƙara mata Pico W a gefe domin zaɓen faifai daga nesa. FujiNet kuma, wadda aka fara yi domin kwamfutocin Atari na shekarun 1980, har daga wata ƙasa take iya ɗauko faifai ta intanet ta miƙa wa injin da aka ƙera tun kafin intanet ta shiga gidajen mutane.

WA ABIN YA SHAFA?

Na farko, teloli masu injin surfani mai kwamfuta, wanda ake kira monogiram. Tsofaffin Tajima da Barudan da yawa da filofi ake ba su zane. Inji ne na ƙarfe mai ƙarko, kuɗin sabonsa kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a. Ga wanda sallah ta ƙarato masa da rigunan mutane jibge a shago, tsayawar na'urar faifai ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Na biyu, majami'u da makaɗa. Daga Kagoro zuwa Kwoi zuwa Zonkwa, da kuma majami'un 'yan Arewa na Kudu, fiyano mai lantarki shi ne ƙashin bayan waƙa. Irin su Yamaha PSR-740 da PSR-2000 da Korg Pa80 duk da filofi suka fito, kuma a kansa makaɗi yake tara salon kiɗan da ya shekara yana shiryawa.

Na uku, masu ɗab'i irin na Shomolu da masu injunan yankan ƙarfe da katako, inda tsohuwar kwamfuta ɗaya take riƙe da inji na miliyoyin Naira, kuma sabuwar kwamfuta ba ta jin harshensa.

Na huɗu, 'yan gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne. A 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoto cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki suke sauka a Ikko kowane wata a lokacin, kuma kaso mai yawa ba ya moruwa. Irin waɗannan kaya su ake fasawa a cire tagulla, wani lokaci har a ƙona wayoyin, hayaƙin kuwa guba ne ga ƙirji. To, a cikin tarin akan sami abin da ya fi daraja in an bar shi yadda yake. Duk wanda ya ga Commodore, ko Amiga, ko Atari, ko tsohuwar Macintosh, ko fiyano mai gurbin faifai, ya dakata da guduma tukuna, ya nuna wa mai gyara a Alaba ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Akwai masu neman su a duniya, kuma samuwar na'urar kwaikwayo ta sa mutuwar faifai ba ta zama mutuwar inji ba.

HATTARA DAI

Rigakafi ya fi magani. Aikin farko, tun kafin a sayi komai, shi ne a kwafe faifan da suke hannu yau, tun suna karantuwa. Na'urar kwaikwayo ba ta dawo da abin da ya riga ya goge. Kwamfuta mai na'urar filofi tana iya kwafe na gama-gari, ga masu wuyar sha'ani kuma akwai wata 'yar na'ura mai suna Greaseweazle, ita ma aikin Keir Fraser ce. A yi kwafi biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida. A kuma yi hankali da filashi na jabu wanda yake nuna girman da ba shi da shi.

Kafin a saya, a rubuta sunan injin da lambarsa a kai wa mai gyara. Wani inji faifan kilobait 720 yake ci, wani na megabait 1.44. Wani igiyarsa haƙora 34 ce, wani 26. Gefen igiya mai jan layi yana da wurin zamansa, wayar wuta kuma in aka juya ta ana iya ƙona allon. Wannan ba aikin gwaji ba ne ga wanda bai saba ba.

Game da wayar iska, dole a sa kalmar sirri, in ba haka ba yaron maƙwabta zai iya sauya zane ana tsakiyar ɗinki. Kada a sauya faifai lokacin da inji yake rubutu a kansa. Akwatin ƙarfe yana tare saƙon rediyo, don haka a sa allon kusa da wata kafa ko a bayan murfin roba. Waɗannan ƙananan alluna kuma Wi-Fi mai zangon 2.4 suke ji. A ƙarshe, a tuna da magabcin nan na uku da Bayan Loko ta sani. Na'urar kwaikwayo ta huta da ƙura, amma ba ta huta da haukan wuta ba, kuma ba ta gyara tsohon batir da yake zuba a cikin inji. Sitabilaiza tana nan da amfaninta.

SANA'A CE TAKE JIRA

Kudancin Kaduna ba ya rasa matasa masu ilmi. Ga Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga ɗaliban da suka koyi gyara da haɗa kwamfutoci a Bayan Loko, wasunsu ma suna Kudu suna neman abinci. Tsare-tsaren yawancin waɗannan na'urori a buɗe suke kyauta ga mai son koyo. Jarin da ake bukata shi ne ƙarfen liƙi da dalma, da mitar awon wuta, da haƙurin karatu. Yaron da ya iya wannan aiki yana da masu nemansa a layin teloli, da majami'u, da gidajen ɗab'i.

Saboda haka mai karatu da yake da ƙane ko ɗa a gida wanda ya gama sakandare yana zaune, ga abin da zai ambata masa in ya kira waya. Wanda kuma yake da kwalin tsofaffin faifai a ƙarƙashin teburin shago, ya zaro shi a makon nan ya nemi mai kwafewa, tun damina ba ta ƙara bi ta kansu ba.